Yadda ake zaɓar wa kunkuru wurin zama a cikin ɗaki daidai girmansa

Shekara uku da suka wuce kunkurayen wani maƙwabcinmu a nan Garwa suka ƙyanƙyashe ƙwai, sai ya ba yarana guda ɗaya, ɗan mitsitsi bai fi murfin gwangwanin madara ba. Ni kuma ban san komai ba a lokacin, na ɗauko bahon wanki na roba na zuba masa yashi na aje a lungun falo, na ce ai shikenan an gama. Daga dare na uku muka daina barci. Ƙarr ƙarr ƙarr, yana ta kartar jikin bahon da farce yana zagayawa, sau biyu da asuba na same shi a kife ƙafafu sama yana ta wutsil-wutsil. Hajiyarmu da ta zo ta tsaya ta kalle shi ta ce min "kai wannan abin ba ciwo yake ba, waje yake nema, ko kai aka sa a baho haka za ka yi". Wallahi gaskiyarta. Daga nan na fara bin abin a tsanake, ga yadda nake ba kowa shawara ya bi yanzu.

Mataki na farko, kuma shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, ka san wane irin kunkuru ne a hannunka tukun, don duk lissafin a nan ya rataya. A yankinmu iri uku ne ake yawan kawo wa mutane gida. Akwai babban nan na Sahel mai launin ƙasa-ƙasa kamar yashi, wanda masana ke kira sulkata, za ka gane shi da manyan ɓawo masu tsini a ƙafafun gaba da kuma wasu ƙayoyi biyu ko uku a cinyoyinsa na baya. Wannan in ya fito daga ƙwai santimita 4 zuwa 5 ne kacal, amma fa shi ne na uku a girma a duk kunkurayen tudu na duniya, na tsibiran Galapagos da Aldabra ne kawai suka fi shi, ƙoƙon bayansa yana iya kaiwa santimita 70 zuwa 80, namiji ya wuce kilo 50 ba abin mamaki ba ne, kuma yana iya yin shekara 50 har fiye, wato mai yiwuwa ma jikokinka ne za su gaje shi. Na biyu shi ne ɗan madaidaicin nan mai ɗan tsawo wanda ƙoƙonsa yake da gaɓa ta baya, in ka taɓa shi sai ya rufe bayan kamar murfin akwati ya ɓoye ƙafafu, shi bai cika wuce santimita 20 zuwa 22 ba, ya fi son inuwa da laima. Na uku kuma ba ma na tudu ba ne, wanda yara ke tsinta a kududdufi da damina, mai faffaɗan baya, in ya tsorata sai ya lanƙwasa wuya gefe ɗaya maimakon ya ja shi ciki. Wannan ruwa yake so, duk abin da zan faɗa a nan bai shafe shi ba, mafi alheri a mayar da shi inda aka ɗauko shi.

Namu dai sulkata ne, ban sani ba sai da ya fara ninka kansa.

A nan bari in ɗan ratse. Sulkata yana cikin dabbobin da suke ƙarewa a daji, kuma dokar Kamaru ta kasa namun daji aji uku, A da B da C, kowane da irin ƙa'idarsa, don haka kafin ka sayi wanda wani ya ɗauko daga daji ya kawo kasuwa a buhu, ka leƙa ofishin ma'aikatar gandun daji ta garinku ka yi tambaya. Mu a Garwa ma muna da makarantar koyon kula da namun daji, masu sanin abin ba su yi mana nisa ba. Ni ra'ayina in ba wanda aka ƙyanƙyashe a gida ba ne, a bar shi kawai.

Mataki na biyu, awo. Ba da metir ɗin tela za ka bi tudun bayansa ba, hakan yana ƙara tsawo na ƙarya. Ka shimfiɗa takarda ko kwali a ƙasa jikin bango, ka aje kunkurun gaban ƙoƙonsa ya taɓa bangon (zai ja kai ciki da kansa), ka sa alama da biro daidai inda ƙoƙon ya ƙare ta baya, ka ɗauke shi ka auna daga bango zuwa alamar. Ka rubuta da kwanan wata. Ni a bayan ƙofar kicin nake rubutawa inda nake auna tsawon yara, duk wata uku, har uwargida ta ce na maida shi ɗan gida na huɗu.

Mataki na uku shi ne lissafi, kuma ba wuya. Ƙa'idar da masu kiwo da yawa ke bi ita ce tsawon wurin ya zama tsawon ƙoƙo sau 8, faɗi kuma sau 4, wannan fa shi ne mafi ƙanƙanta, in kana da hali ka yi sau 10 da sau 5. To amma ga inda ake faɗawa rami, mutum ya auna jaririn kunkuru santimita 5 ya buga ya ga 40 da 20, ya ce ashe ma kwalin taliya ya isa. A'a. Ba girmansa na yau za ka buga ba, girman da zai kai nan da shekara biyu ko uku za ka buga, in kuma ɗan ƙaramin iri ne to ka buga iyakar girmansa gaba ɗaya ka huta. Misali mai gaɓar nan da yake tsayawa a santimita 20, sau 8 da sau 4 ya ba ka 160 da 80, sau 10 da sau 5 ya ba ka mita 2 da mita 1, ka ga shi kam ana iya yi masa wurin da zai zauna har tsufa a cikin ɗaki. Irin ƙananan nan da ake kiwo a Turai, na Girka da na Rasha, su ma lissafinsu kusan haka yake. Sulkata kuwa in ya kai santimita 15 yana son 120 da 60, in ya kai 30 yana son 240 da 120, in ya kai 60 kuma mita 4.8 da mita 2.4, wato ɗakin nan namu na haya mai huɗu da huɗu ma tsawonsa bai kai ba, kuma wannan mafi ƙanƙanta ne ga dabbar da a daji take haƙa rami mai tsawon mitoci da dama ta yini tana kiwo. Don haka in sulkata ne ka sa a ranka tun yau cewa ɗaki na ɗan lokaci ne, renon shekara biyu zuwa uku ne, bayan nan tsakar gida ne dole. Wanda yake zaune a ɗaki ɗaya ko a bene kuma bai da niyyar tashi, gaskiya kar ya karɓa ko kyauta ne. Kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa, haka mai son sulkata ba fili.

Me ya sa ake nacewa a kan faɗin ƙasa haka? Abu biyu ne. Kunkuru ba ya yin ɗumin jiki da kansa kamar mu, sai ya je wuri mai zafi ya gasa jiki sannan ya koma mai sanyi ya huce, haka yake yi yini guda. In wurin ƙarami ne to duk zafi ɗaya ne, ko ya gasu ko ya sandare, ba inda zai gudu. Na biyu kuma tafiya ita ke motsa masa ciki ta ƙarfafa ƙafafu, wanda aka ƙuntata za ka ga yana jan ciki a ƙasa maimakon ya ɗaga jiki ya taka. Shi ya sa tsawo sama ba ya ƙara komai, ba tsuntsu ba ne, kejin kaji mai hawa biyu ko akurki bai yi ba.

Mataki na huɗu, ka auna ɗakin kansa kafin ka kira kafinta ya haɗa masa akwatin katako. Falankin da kafintocinmu ke kira kwantirplake, cikakkensa santimita 244 ne da 122, kuma ni shawarata in wuri zai ɗauka a yi amfani da shi sukutum a matsayin ƙasan akwatin, ba yanka ba asara, ya ishi ƙaramin iri har abada, ya riƙe sulkata har ya kai 30. In ba zai shiga ba a yi 150 da 75 ko 180 da 90, ko a yi shi mai kwana ya bi lungun ɗaki. Ka shimfiɗa tabarma ko ka zana da alli a ƙasa ku yi kwana biyu kuna wucewa ta gefensa ku ga ko za ku iya zama da shi, don rigimar da ke biyo baya ba da kunkuru ake yinta ba, da matar gida ake yi. Ka nemi gefen da ba ya fuskantar kilim (na'urar sanyaya ɗaki) ko fanka kai tsaye, ba bakin ƙofar da iskar hunturu ke shigowa ba, ba kicin ba saboda hayaƙi da kuma tsafta, kuma kusa da inda za ka jona wuta.

Ni kuskuren da na yi, na bar kafinta ya haɗa shi gaba ɗaya a shagonsa, aka ɗauko a amalanke, muka zo ƙofar falo ya shiga amma kwanar zaure ta hana. Ya tsaya yana share gumi ya ce "maigida ai da ka gaya min akwai kwana", na ce "Malam ai da ka tambaya". Sai da aka kwance gefe biyu. Ka ce masa ya yanka komai a shago ya zo ya ɗaure da sukuru a cikin ɗakin, ba ƙusa ba, don ranar tashi daga gidan haya a kwance cikin sauƙi.

Mataki na biyar, bango. Tsayinsa daga saman ƙasar da za ka zuba, ba daga falanki ba, ya kai aƙalla tsawon ƙoƙon sau biyu, ga ƙanana dai santimita 40 zuwa 45 gaba ɗaya yana isa. Kar ka raina su, suna hawa, musamman a kusurwa inda suke tokare ƙafa nan da can su haura, shi ya sa ake buga ɗan katako mai kusurwa uku a saman kowane lungu ya zama kamar rumfa. Bangon ya zama wanda ba a gani ta cikinsa. Na ga mutane suna sayen akwatin gilashi irin na kifi don ya yi kyau a falo, kunkuru bai san gilashi ba, yana hango waje zai yini yana tura hanci har ya goge, ga shi iska ba ta zagayawa, ga tsada a banza. Ragar waya ma haka, yana gani ta ciki kuma yana maƙale farce ya hau ya faɗo ta baya. Raga amfaninta a sama ne a matsayin murfi, in gidan akwai ɓera ko kyanwa to dole ne ma, don ɓera yana cin ƙafar jaririn kunkuru da dare yana barci.

Maganar gara kuma, kar ka yarda a shafa wa katakon baƙin mai irin yadda ake yi wa azara da ƙyauren shago, guba ne gare shi. Ka ɗora akwatin a kan bulo, ka shimfiɗa tampol ko leda mai kauri a ciki ta hau bango kaɗan don laima kar ta ci katakon. Kuma bulon ya zama da yawa har tsakiya ba kusurwa huɗu kawai ba, ga dalili. In ka zuba ƙasa mai zurfin santimita 12 a cikakken falanki, kusan lita 360 kenan, jarka 18 mai lita ashirin-ashirin, nauyinta ya haura kilo 400. Duk wanda ya ce zai yi masa ƙafafu dogaye kamar teburin cin abinci ya sake tunani.

Mataki na shida, ƙasar da za a zuba. Yashi zalla irin na bakin kogin Binuwai bai yi ba, yana manne wa abinci ya haɗiye ya toshe masa hanji, kuma yana shiga ido. Garin katako na shagon kafinta ma a'a, ƙura ce kawai. Karo ko siminti tsirara yana sa ƙafa ta zame ta buɗe. Ka samo ƙasar lambu wadda ba a zuba wa takin zamani ko maganin feshi ba, ka tankaɗe ka cire kwalba da leda, ka shanya ta a rana kwana biyu tururuwa su gudu, in ta cika yumɓu ka ɗan sirka da yashi kaɗan. Zurfin ya isa ya binne kansa, santimita 10 zuwa 15 ga ƙanana. Gefe ɗaya ka dinga yayyafa ruwa ya zama da danshi kamar ƙasar da aka yi wa ban ruwa jiya. Mutane suna cewa ai dabbar sahara ce me za ta yi da laima, amma jariran a daji da damina suke fitowa kuma a rami mai danshi suke yini. Wanda aka rena a busasshen wuri, musamman da hunturun nan namu da leɓe ma tsagewa yake, shi ne za ka ga bayansa ya yi tudu-tudu kamar an jera ƙananan dala, kuma in ya yi ba ya komawa.

Mataki na bakwai, tsara cikin. A nan za ka gane amfanin faɗin da ka yi. Can ƙarshe ɗaya ka rataya ampul (ƙwan fitila) mai zafi, irin na da mai ɗumi ba na zamani mai sanyi ba, da faffaɗan dutse a ƙarƙashi, zafin wajen ya kai digiri 32 zuwa 36. Ɗaya ƙarshen ya tsaya wajen 25 zuwa 27, a can za ka sa maɓoya, tsohuwar tukunyar ƙasa da aka fasa gefe aka kife ta fi komai. Ka sayi ma'aunin zafi ka auna a daidai tsayin bayansa, kar ka yi da hannu. Ruwa a kasko mara zurfi wanda zai shiga ya fita da kansa, a nutsa shi cikin ƙasa bakinsa ya yi daidai da ita, kuma nesa da lungu. Abinci a kan fale-falen dutse. Ka sa ɗan kututture ko dutse a tsakiya yadda ba zai hango ƙarshe daga ƙarshe ba, sai wurin ya ƙara masa girma, amma kar ka jingina komai da bango, in ka jingina to tsani ka yi masa. Bayan ka jera duka ka duba, in filin tafiya bai kai rabin wurin ba to akwatin ya yi kaɗan ko kayan sun yi yawa.

Yanayinmu ma sai an lura. A Maris da Afrilu Garwa da Marwa da Njamena zafi yana haura 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka, lokacin ampul kashe shi ake yi, abin da yake so ƙasa mai danshi da zurfi ne. A Disamba da Janairu kuma dare yana sanyi, mutanen Ngaundare da ke kan tudu sun fi mu sani, jariri kar ya kwana a ƙasa da digiri 20 a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, mura ce za ta kama shi ka ga hanci yana kumfa. In an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ka cika gora da ruwan ɗumi ka naɗe da tsumma ka aje gefen tukunyar, kar ka kai masa kaskon gawayi. Maganin sauro na feshi ko na ƙonawa kuma in za a sa, a fitar da kunkurun daga ɗakin tukun.

Sai rana. Ƙashinsa da ƙoƙonsa ba sa ƙwari sai da wani sashe na hasken rana wanda gilashin taga yake tarewa, don haka aje akwati jikin taga a rufe bai wadatar ba. Turawa fitila ta musamman suke saya suna canzawa duk wata shida zuwa shekara, mu kuwa Allah ya ba mu kyauta, ka fitar da shi hantsi minti 30 zuwa awa ɗaya sau uku ko huɗu a mako, a wurin da rabi rana rabi inuwa, wani yana zaune kusa saboda shirwa. Kar a taɓa barinsa a baho a tsakiyar rana a tafi, zafin bazara yana kashe shi kafin ka gama sallar azahar. Kuma don Allah a daina huda gefen ƙoƙo ana ɗaura igiya, ƙashi ne mai rai da jini da jijiya, yana ji.

In biyu ne gare ka, kar ka ce sai ka ƙara ɗan taƙi. Maza biyu faɗa suke, sulkata yana da wani ƙaho a ƙarƙashin wuya da yake tunkuɗa ɗan'uwansa ya kifar, namiji da mace kuma zai hana ta sakat. Ko ƙanana ne za ka ga ɗaya yana girma ɗaya ya tsaya yana ɓuya. Akwati biyu ya fi. Iri daban-daban kuwa ba a haɗa su sam, abincinsu ma ba ɗaya ba, sulkata ciyawa ce abincinsa irin su kiri-kiri da ɗan ganyen kabewa, ba tuwo ba burodi ba, mai gaɓa kuma yana haɗawa da katantanwa da ƙwari. Yara su wanke hannu da sabulu duk sanda suka taɓa shi.

Mataki na ƙarshe aikin ido ne. Sati na farko zai yi ta zagaye, wannan baƙunta ce. Amma in bayan wata guda kullum yana bin bango har ya yi hanya a ƙasa kamar turbar awaki, ko yana kartar lungu ɗaya, ko kana yawan samunsa a kife, ko yana taka kashinsa yana shafa wa abinci don ba inda zai kauce, to wuri ya yi masa kaɗan ko da lissafinka ya ce ya isa. Ka koma bayan ƙofa ka duba awo, da zarar tsawonsa sau 8 ya kusa tsawon akwatin ka fara shirin gaba, kar ka jira ya cika.

Namu na auna shi ranar Juma'ar da ta wuce, santimita 27, saura 3 kenan falankin ya ƙare masa. Na riga na yi magana da mai gidan da muke haya ya yarda in kewaye lungun bayan ɗaki wajen bishiyar darbejiya, bulo uku a sama, tushe kuma a haƙa rabin mita a ƙasa saboda haƙa. Magini ya ce zai zo bayan damina in ƙasa ta sha iska, akwatin kuma uwargida ta riga ta ce nata ne, albasa za ta dinga shanyawa a ciki.